Wanda Ya Sace Sanyin Motar Alhaji Sodangi

A daminar 1983, shekarar da sabulu ya fi turare wuyar samu, aka kawo wa caji ofis na Bodinga ƙarar da ba a taɓa rubuta irinta ba. Alhaji Sodangi, dillalin albasa mai neman kujerar majalisa, ya shigo yana fifita da hularsa.

"Sufeto, an yi mani sata."

"Mi anka ɗauka, Alhaji?"

"Sanyi."

Sufeto Yahaya ya ajiye biro. Mutum ne da ya taɓa gane raƙumin sata ta hanyar tarinsa, saboda haka bai yi dariya ba.

Alhaji ya ce Fijonsa ce kaɗai mai iyakwandishan tsakanin Bodinga da Shagari. Mako uku ke nan, in aka kunna sai ta huro sanyi kaɗan, ta ce tak, ta ɗauke. Ya kai wa Ɗanmalam mai gyaran wayar mota, bai gyara ba. Kuma a rumfar Ɗanmalam akwai hoton abokin takararsa.

"Ya zuƙe sanyin ya kai ma abokan gaba. Na sa an kulle shi tun jiya. Litinin kotu."

Sufeto ya sa aka fito da Ɗanmalam, wani siriri mai 'ya'ya shida da mita ɗaya ta auna wuta.

"Ranka shi daɗe, in anka kai ni kotu, wa zai ƙara ba ni ko keke in taɓa?"

"Mi ya hana ka gyara?"

"Direba bai bari ba. Na goge kan batir ke nan ya ce suna sauri."

Aka buɗe gaban mota, aka tayar, aka kunna sanyin. Ɗanmalam ya ɗora mita a kan batir, allura ta haura sha biyu. Ya ɗora a wayar da ke shiga injin sanyi, allura ta tsaya takwas tana rawa kamar mai zazzaɓi.

"Ka gani, yallaɓai? Wanga inji awa amarya yake. In ba a cika mai sha biyu ba, sai ya yi yaji."

"Ina huɗun?"

"Ko tsatsa ta ci, ko waya ta kwance, ko wani na sha bisa hanya."

Sufeto ya rubuta: Huɗu sun ɓata. Alhaji kuwa ya rantse Ɗanmalam ba zai ƙara taɓa motarsa ba, kuma yana da taro a Shagari. Sufeto ya ce zai raka shi.

A hanya ya zuba wa direba ido. Maniru, dattijo mai furfura a gemu, yana tuƙi kamar mai ɗauke da nono cike da ƙwarya. Kowane rami sai ya yi bisimilla ya kewaye shi. Wani mai jaki ya wuce su har ya waiwayo ya yi musu sannu.

"Malam Maniru, lafiya?"

"Taya nika tattali, ranka shi daɗe. Ko Sakkwato babu taya yanzu."

Da suka sauka Sufeto ya duba tayoyin. Sabbi ne ƙal, ko gashinsu bai kaɗe ba.

Ana cikin taro aka yi yayyafi. 'Yan jam'iyya suka so su ɓoye lasifika a but ɗin motar, Maniru ya ce makulli ya ɓata tun watan jiya. Sufeto ya shafa ƙofar motar, sanyi. Ya shafa rufin, sanyi. Ya shafa gindin but, sai ya ji ɗumi kamar cikin akuya.

Ya nufi wurin Shatu, mai dafa wa Alhaji abinci a gida da wurin taro, ya karɓi tuwo.

"Inna, direba bai ci ba?"

"Wa, Maniru? Tun ranar da Alhaji ya yi baƙi ya sa anka yanka kazar direban, bai ƙara kallon tukunyata ba. Na ce kaza mai kwanci ta, a bar ta. Alhaji ya ce baƙi ba su san kwanci ba."

"Yaushe ke nan?"

"Mako ukku."

Da la'asar suka koma caji ofis. Sufeto ya ce wa Ɗanmalam ya bi waya, ko ina ta nufa. Ɗanmalam ya kwanta ƙarƙashin sitiyari, ya laluba bayan fis, ya jawo wata jar waya da ba ta gidan ba, an ɗaure ta da zaren kaba. Ya bi ta ƙarƙashin shimfiɗa, ta bayan kujera, har ta shige but.

"Malam Maniru, cire hularka," in ji Sufeto.

Makulli ya faɗo ƙasa.

A ramin safaya babu taya. Akwai ƙwarya cike da auduga, da ƙwayayen fitilar mota biyu suna ci, da ƙwan zabi ashirin da huɗu a jere. Ɗaya ya tsage, ana jin wani abu yana ƙwanƙwasawa daga ciki, a hankali, kamar baƙo mai kunya.

Maniru ya durƙusa.

"Ni na, ranka shi daɗe. Kwana bakwai kaza na bisa ƙwan ga anka yanka ta. Na ce wanda ya ci uwa shi ka yin kwanci, sai na sa su motar Alhaji. Ban san sanyi da ɗumi waya ɗaya suka sha ba."

"Ka kuma bar bawan Allah ya kwana a kulle?"

Maniru ya sunkuyar da kai. "Na ce kwana biyu ya rage su fito, sai in zo in faɗi."

Sufeto ya sallami Ɗanmalam nan take, ya sa Alhaji ya ba shi haƙuri a gaban mutanen da suka taru.

"To, a tsinke wayar banzan ga!" in ji Alhaji. "Gobe ina da taro Danchadi."

"Ba a taɓa shaida, Alhaji. Yadda anka iske ta haka za ta zamna sai alƙali ya gani. Mota ta kwana nan, fitila na ci."

"Ni kuma in tai da mi?"

"Motarka ta albasa na nan. Bayanta akwai iska."

Wani kofur ya kama hannun Maniru ya nufi ɗakin tsarewa da shi. A bakin ƙofa Maniru ya tirje, ya waiwayo.

"Kofur, don girman Allah, a riƙa juya su safe da marece."

Kofur ya dubi Sufeto, ya dubi ƙwaryar, ya rage murya.

"Dama ko hagu?"