Cikin Auduga

Ranar Laraba, tara ga watan Aban a lissafin watannin ƙasarsu, da ƙarfe takwas na safe, Hajiya Ezzat ta ɗaura wa matar ɗanta, Tahmina, matashin auduga na uku a ciki. Ta ja igiyar har sai da Tahmina ta dafa bango. Da hannunta ta ɗinka su duka ukun: ƙarami na wata huɗu, matsakaici na wata shida, da wannan babban na watan haihuwa.

"Ki dafa ƙugu in za ki fita," in ji Hajiya. "Jiya na gan ki kin haura bene kamar akuya, alhali maƙwabciya tana saman soro tana shanya."

"To, Mama."

"To, Mama. Shekara tara ba abin da na tsinta a wurinki sai 'to, Mama'."

Behruz, mijin Tahmina, yana bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Ya dubi matarsa, ya sunkuyar da kai. A shekara ta biyu da aurensu wata cuta ta sa aka cire mata mahaifa. Sau uku mahaifiyarsa ta ce ya sake ta, sau uku yana ba ta haƙuri, yana cewa da Tahmina ya fara, da ita zai ƙare. Daga baya likitocin birnin Yazd suka haɗa ƙwayar haihuwarta da tasa, suka dasa a mahaifar Kobra, matar wani mai gashin burodi mai suna Rajab, wadda ta yarda don kuɗin da za a ba su, su samu su bar gidan haya. Malamin da suka tambaya ya halatta. Hajiya ma ta amince, amma da sharaɗi: kada kowa ya ji. Tahmina za ta ɗauki cikin auduga, Kobra kuma za ta kwanta a asibiti da takardun Tahmina, domin sunan wadda ta haihu ake rubutawa a takardar jariri.

A cikin mota Tahmina ta kwance matashin, ta tura shi ƙarƙashin kujera. Suka tarar da Kobra a ƙofar asibiti tana cije leɓe, Rajab yana riƙe da jakarta, gashin hannunsa duk ya ƙone da wutar tanda.

"Yaya, 'yar nan taku ba ta da kunya," in ji Kobra, tana ƙoƙarin dariya. "Tun asuba take harbi na. Bari in sauke muku kayanku, in huta shekara ɗaya, in yi wa Rajab namiji. 'Yarmu ta ishe mu da tambayar ina ƙanenta."

Hajiya, wadda ta biyo su a motar, ta karɓi jakar daga hannun Rajab.

"Malam Rajab, kai a waje za ka jira. A takarda ba ka da kowa a nan."

Rajab ya juya. Ya nufi gindin wata bishiya da ke wajen ƙofa, ya zauna.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin aka ji kukan jaririya. Tahmina ta kama hannun Behruz. Ba a yi minti goma sha biyar ba likita ta fito, rigarta da jini, takarda a hannunta.

"Ina mijin Tahmina?"

"Ni ne," in ji Behruz.

"Yarinya lafiya lau. Uwar ce jini ya ƙi tsayawa, mabiyiya ta manne. Sai mun cire mahaifar. Ana shirya ɗakin tiyata, minti goma ne. Ka sa hannu a nan." Ta miƙa masa alƙalami, sannan ta tsaya ta dube shi. "Takardarta ta ce wannan ne cikinta na fari, ga shi kuwa akwai tsohon ɗinki a mararta. Da an gaya mana gaskiya, da tun farko mun shirya. Kuma wane ne Rajab? Sunan da take ta kira ke nan."

Behruz ya karɓi alƙalamin. Hajiya ta matso kusa da kunnensa.

"Sa hannu. Ceton ranta za ka yi, wa zai ga laifinka? In ka buɗe baki, gobe duk unguwa ta ji, kuma a rubuta sunan matar mai burodi a takardar jikata."

Tahmina ta san abin da ke cikin takardar. Shekara bakwai da suka wuce Behruz ya sa hannu a kan irinta. Amma a ranar ya shiga ya gan ta, ya dafa goshinta, shi ya gaya mata da bakinsa. Kobra kuwa za ta farka ta tarar baƙo ya sa hannu an raba ta da ɗan da ta yi wa mijinta alkawari, mijin yana gindin bishiya bai san komai ba. In kuma ta mutu, da sunan wata za a fitar da ita. Ba abin da Tahmina take iya yi wa jinin nan, ko wa mahaifar nan. Abu ɗaya ne ya rage a hannunta, shi ma duk abin da ta jira shekara tara yana rataye da shi.

"Likita," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ni ce Tahmina. Wadda ke ciki sunanta Kobra. Ta taɓa haihuwa ta tiyata shekara biyar da suka wuce. Mijinta yana waje."

"Kin kashe mu," in ji Hajiya. Ta juya ga ɗanta. "Ka ji matar da ka zaɓa a kaina. In ka taka ƙofar nan, kada ka ƙara taka tawa."

Behruz ya dubi mahaifiyarsa, hawaye na zubo masa.

"Mama, ki yafe mini."

Ya ajiye alƙalamin, ya ruga. Cikin minti huɗu ya dawo da Rajab. Likita ta yi masa bayani a tsaye. Rajab ya goge tafin hannunsa a riga sau biyu.

"Za ta rayu?"

"Muna fata."

"Ku cire. Amma ku bar ni in gaya mata." Aka ba shi minti ɗaya. Da ya fito, ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango. Tahmina ta durƙusa a gabansa tana kuka.

"Malam Rajab, mu muka jawo muku."

"Ƙaddara ce, baiwar Allah," ya ce, bai ɗago ba. "Amma da ba ku kira ni ba, da ban yafe ba."

Kobra ta rayu. Maganar ta fita, ta zaga unguwa kafin Juma'a. Mata suka daina gaida Tahmina a layin burodi. Asibiti ya rubuta sunan Kobra a takardar jaririya, sai da aka yi wata goma sha huɗu ana zaman kotu, zama shida, da gwajin jini, kafin alƙali ya mayar da sunan Tahmina. Duk tsawon lokacin Hajiya ba ta leƙo su ba, ko da yake Behruz bai fasa zuwa gaishe ta ta bayan ƙofa kowace Alhamis ba.

Washegarin hukunci Hajiya ta zo gidansu. Ta tarar da Kobra zaune a tsakar gida, yarinyar, Nilufar, tana bacci a cinyarta, 'yar Kobra tana kore mata ƙuda tana kiranta ƙanwata. Hajiya ta buɗe jakar da ta zo da ita. Sannan ta ciro matasai biyun da suka rage a ɗakinta, ta ajiye a gaban Tahmina.

"Ki farke su. Audugar mai kyau ce, a yi wa yarinya katifa." Ta juya ga Kobra, ta sunkuya da ƙyar saboda gwiwarta. "Ban taɓa kiran sunanki ba. Kobra, ki yafe mini."

Haƙurin Tahmina ya ba ta 'ya, ya bar mata mijinta. Kobra kuwa kotu ba ta da abin da za ta mayar mata. Wannan shi ne abin lura ga duk mai neman haihuwa ta jikin wata: wadda ta ɗaukar maka ciki mutum ce, tana da suna, tana da miji, tana da nata burin. Kunyar da za ta sa a shafe sunanta a takarda zalunci ce, ko da malami ya halatta sauran.