Fatalwa Mai Agogon Hannu

Jamilatu tana jera kofunan shayi a faranti Abbanta ya shigo falo da wata takarda a hannu, yana murmushi. Alhaji Maiwada ya shekara talatin da ɗaya a Riyad yana ɗinkin kujerun mota a unguwar Gubaira, kuma duk wanda ya san shi ya san murmushinsa ba mai arha ba ne.

Ya miƙa wa matarsa Hajiya Bilƙisu takardar, ya ce wasu 'yan barkwanci ne suka zo daga gida, sun yi Jidda sun yi Dammam, ranar Juma'a bayan la'asar kuma za su yi wasa a wata istiraha a Al-Shifa, irin gidajen nan masu fili da ake haya don biki. Sana'arsu ita ce su haska tsofaffin finafinan da ba su yi kyau ba, su riƙa tsayarwa suna yi musu tsiya. Har ya riga ya karɓo tikiti huɗu.

"Kai da ko hoton ɗan fim ba ka son gani, Alhaji?" in ji Hajiya.

"Ai zaginsu za a yi. Irin wannan taron ko da rarrafe sai na je." Ya juya wajen 'yarsa. "Ki gaya wa Sadiƙ shi zai ja mu. In mun dawo zan ba shi amsar da yake jira."

Jamilatu ta leƙa takardar ta kafaɗar Ummanta. Da idonta ya faɗa kan sunan fim ɗin da za a haska, Fatalwar Gidan Biredi, sai farantin ya karkace, kofi ɗaya ya tarwatse a ƙasa.

Sadiƙ direba ne a wani kamfanin kayan gini, ɗan Fagge ta Kano, shekararsa shida a Riyad. Shekara guda ke nan yana neman auren Jamilatu, kuma duk unguwar babu mai faɗin aibinsa. Sai dai lokacin da yake ɗan shekara sha tara, abokai sun ja shi ya fito a fim, sau ɗaya tak. Shi ne fatalwar. Aka naɗe shi da zanen gado, aka bulbula masa fulawa a fuska, aka ce ya yi ta miƙa hannu yana gurnani. Tun farkon soyayyarsu ya ba Jamilatu labarin yana dariya, ita kuwa ba ta yi dariya ba, don ta sha jin Abbanta yana cewa a majalisa ɗan fim ko takalminsa ba zai shiga gidansa ba.

Wata biyu da suka wuce Alhaji ya aika a yi binciken Sadiƙ a Kano, yadda ake yi kafin a ba mutum 'ya, sannan ya kira shi ya tambaye shi ko akwai abin da ya kamata ya ji daga bakinsa kafin ya ji a bakin wani. Ranar da Sadiƙ zai je, Jamilatu ta yi ta kuka a waya tana roƙonsa kada ya tayar da zancen fim. Don haka da aka tambaye shi sai ya sunkuyar da kai ya ce babu. Tun daga ranar abin yake cin sa.

Tana gama share fasasshen kofin ta shige kicin ta kira Sadiƙ a waya. Da ya ji abin da ake ciki, sai ya ce gara ya je shago gobe ya faɗa wa Alhaji komai kafin Juma'a.

"Please, Sadiƙ, kada ka kashe ni. Fuskarka duk fulawa ce, wa zai gane ka? Awa biyu ne kawai – ka daure, mu dawo ya sa mana rana, shi ke nan."

"Jamila, ba gane ni nake tsoro ba."

"To ni shi nake tsoro. In ka faɗa, wallahi mun rabu ke nan."

Kukanta ya fi ƙarfinsa, kamar wancan karon. Ya ce to.

Ranar Juma'a istirahar ta cika ta batse. Direbobi, leburorin gini, teloli, mutanen Maraɗi da Damagaram da Kano, kowa ya sa kayan da ya je masallaci da su. An jera kujerun roba, maza a dama, mata a hagu. Jamilatu ta zaɓi kujerar bakin layi, inda za ta riƙa hango Abbanta da Sadiƙ zaune kafaɗa da kafaɗa.

Shugaban 'yan wasan wani siririn mutumin Maraɗi ne mai suna Laouali, shi ke riƙe da rimot. Abokinsa Maulud kuma yana da doguwar sanda ta nuna abu a jikin allo. Ƙa'idar wasan mai sauƙi ce: duk inda aka ga shirme, Laouali zai ce "Dakata!" jama'a su amsa "Mu gani!" sai a tsayar da hoton.

Ba a yi minti biyar ba aka fara. A jerin sunayen 'yan wasa, wajen da ya kamata a sa sunan wanda ya fito a fatalwa, sai aka rubuta Fatalwa kawai. Maulud ya ce a yi wa masu fim ɗin adalci, wataƙila da gaske daga maƙabarta suka ɗauko ma'aikaci. Da fatalwar ta fito daga bayan tanderu tana miƙa hannu, sandar Maulud ta sauka kan wani baƙin agogon roba a wuyan hannunta.

"Jama'a, wannan mamacin yana da alƙawari ƙarfe huɗu," in ji Laouali. "Ko a lahira ba ya son latti."

Wurin ya kaure da dariya. Aka zo inda fatalwar za ta tsallaka titi, sai ga ta ta tsaya ta duba hagu ta duba dama. Laouali ya zauna daɓas a ƙasa yana tambaya me kuma ya rage mota ta yi mata. Wani tsoho a gaba ya yi ta tari har sai da aka miƙa masa ruwa.

Alhaji Maiwada kuwa, mutumin da 'ya'yansa ke iya ƙirga sau nawa suka ga haƙoransa, dariya yake har hularsa ta zame. Yana yi yana dukan gwiwar Sadiƙ yana nuna masa allo. Sadiƙ ya zauna ƙiƙam, gumi na bin wuyansa duk da sanyin na'ura. Jamilatu ta damƙe jakarta da hannu biyu tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, ta Larabci da ta Hausa. Ita ba fim take kallo ba, aurenta take kallo a jikin farin allo, ana nuna shi da sanda.

Sai abin da ba ta sani ba ya faru, don Sadiƙ bai taɓa ba ta labarin wannan wurin ba. Fatalwar tana cikin gurnani sai ta yi atishawa, rabin fulawar fuskarta ya zube. Laouali ya tsayar, ya ƙara girman hoton. Ga ido, ga gefen hanci, ga kunne ɗaya, duk na Sadiƙ, sai dai da ƙuruciya. 

Laouali ya ɗago wani dogon biredi, ya ce al'adarsu ce duk garin da suka je sai sun yi cigiya. Duk wanda ya san wannan bawan Allah, ko ya san inda yake, ya tashi ya karɓi biredi. Ya bi layi-layi da ido. Jamilatu ta ga Sadiƙ ya dafa hannun kujera kamar zai miƙe, ta girgiza masa kai, hawaye na zubo mata cikin niƙabi. Ya koma ya zauna. Babu wanda ya tashi, Maulud ya gutsiri biredin ya ce Allah ya jiƙan fatalwa, aka ci gaba.

Da aka tashi aka yi sallar magariba a filin, Jamilatu ta ji kamar an sauke mata buhu daga ka. Sun tsira. Saura su isa gida Abba ya faɗi rana.

A mota Alhaji yana gaba kusa da Sadiƙ, yana ta maimaita barkwancin Laouali yana ƙyaƙyatawa. Suka bar Al-Shifa, suka shigo Gubaira, suka wuce garejin masu fenti. A danjar ƙarshe kafin layinsu ja ta tare su. Alhaji ya share ido ya ce shi dai yana tausayin mutumin da zai wayi gari ya ga wannan fatalwar ce surukinsa.

Sadiƙ ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Alhaji, ni ne."

"Kai ne wa?"

"Fatalwar. Ni na fito a fim ɗin, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ranar da ka tambaye ni ko akwai wani abu na ce maka babu, ƙarya na yi maka. Ka yafe mini."

Hajiya ta yi salati a hankali. Alhaji ya tambaye shi abin da ya sa ya ɓoye, Sadiƙ ya ce tsoro ne ya kama shi, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Jamilatu na bayansu, ta kasa cewa ita ce ta sa shi.

"An ba mu hannu," in ji Alhaji. "Ja mu je."

A ƙofar gida ya karɓi makullin motarsa, ya ce wa Sadiƙ ya gaida gida, ya shige. Babu amsa, babu rana.

Kwana uku gidan ya zama kamar gidan makoki. Alhaji ya fita da safe, ya dawo ya ci abinci, ba ya tayar da zancen. Jamilatu ta daina ci, idanunta suka kumbura. Da farko haushin Sadiƙ ta ji, ta kira shi tana kuka tana cewa saura layi ɗaya fa, layi ɗaya tak, me ya kai shi? Ya bar ta ta gama, sannan ya ce ya ga yadda tsohon nan yake dukan gwiwarsa kamar ɗansa, ya san ba zai iya shekara da shekaru yana cin tuwon gidansa da wannan abin a ciki ba. Ya roƙe ta kada ta sa kanta a ciki, laifin ya tsaya a kansa.

Kullum in ya tashi daga aiki sai ya biya shagon Alhaji ya durƙusa ya gaishe shi. Alhaji ya amsa gaisuwa ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa. Sadiƙ ya tsaya a bakin ƙofa cikin zafin nan na Riyad har a kira sallah, sannan ya tafi. Da Hajiya ta ba Jamilatu wannan labarin, sai kunya ta rufe ta fiye da baƙin ciki. Mutum yana can yana shan rana saboda ƙaryar da ita ta ƙulla, ita kuma tana ɗaki tana jiran a tausaya mata.

Rana ta uku, Alhaji ya dawo cin abincin rana, Jamilatu ta zo ta durƙusa a gabansa.

"Abba, ba tsoro ne ya hana Sadiƙ faɗa maka ba. Ni ce. Sau biyu yana cewa zai faɗa ina hana shi da kuka. In akwai wanda za ka hukunta, ni ce."

Alhaji ya ajiye cokali. Ya ɗauko wayarsa ya lalubo wani saƙon murya, ya ajiye a gabanta. Muryar ƙaninsa ce, Baffa Kamil na Kano, wanda aka sa binciken. Yana cewa yaron ɗan mutunci ne, gidansu babu abin faɗa, sai dai ya taɓa fitowa a wani shirmen fim na gidan biredi, har unguwa ta yi shekara tana kiransa Fatalwa. Jamilatu ta duba ranar da saƙon ya shigo. Kwana biyu ne kafin Abba ya kira Sadiƙ ya yi masa waccan tambayar.

"Abba... dama ka sani?"

"Fulawa a fuska ba ta hana aure, Jamilatu, ƙuruciya ce. Abin da ya tsaya mini shi ne na tambaye shi ya ce babu. Da na ga sunan fim ɗin a takardar nan na ce to, ga dama ta ƙarshe. Na yi wa kaina alƙawari, in motar nan ta tsaya a ƙofar gidana bai buɗe baki ba, an gama." Ya dube ta sosai. "Shi ya wanke kansa tun a danja. Kwana ukun nan ke nake jira, don na ga wadda ta girgiza masa kai a wajen wasa."

Jamilatu ta kifa kanta a gwiwarsa ta fashe da kuka, wannan karon na nadama. Ya dafa kanta ya ce ta tashi ta wanke fuska, ta gaya wa Sadiƙ ya sanar da manyansa a Kano su je wajen Baffa Kamil a sa rana.

Da yamma Sadiƙ ya zo godiya, ya durƙusa har goshinsa na neman taɓa kafet. Alhaji ya zaro wani ɗan akwati daga aljihu ya miƙa masa. Agogon hannu ne sabo fil.

"Riƙe," in ji shi, fuskarsa a ɗaure kamar kullum. "Na ga ko a lahira ba ka rabuwa da shi."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Masu karatu, ku dubi yadda Jamilatu ta kusa rasa mijinta da hannunta, tana ganin kare shi take yi. Abin da muke ɓoye wa iyaye don tsoron kada su raba mu da wanda muke so, sau da yawa sun riga mu saninsa, jira kawai suke su ji shi daga bakinmu. Sadiƙ ya faɗi gaskiya ya yi haƙuri da abin da ya biyo baya, ya kuma samu matarsa. Har yau in sun zo wucewa ta wannan danjar ta Gubaira, Jamilatu takan dubi layin gidansu, ta ga yadda tazarar ba ta da yawa.