Yatsan da Na'Allah Ba Shi da Shi

"Sake duba ta, Yallaɓai," in ji Kaltume. "Wane yatsa aka rubuta?"

Sufeto Maniru na ofishin 'yan sanda na Bodinga ya matso da takardar. "Babban yatsan dama."

Mijinta Na'Allah, manomin albasa daga Dingyaɗi, yana tsare ya shigar da ƙarar jami'in lafiyar gidan yari kan an bar gyambon ƙafarsa ya ruɓe. Kafin ranar zaman kotu, Allah ya yi masa cikawa. Yanzu ga takarda an kai kotu, wai shi da kansa ya ƙi magani, har ya dangwala. In alƙali ya karɓe ta, ƙarar ta bi shi kabari.

"Injin ban ruwa ya cinye wanga yatsa tun kafin in haifi ɗan fari," ta ce, idonta a bushe. "Da hagu yake dangwale, ko ranar zaɓe."

Sufeto ya nufi garin Shagari, inda jami'in, Ɗanmalam, yake da kemis a bakin titi.

"Ka duba Na'Allah da kanka?"

"Kullum, ranka ya daɗe. Mutum ne mai taurin kai, Allah ya jiƙansa."

"Wa ya shafa masa tawada?"

"Ni. Na riƙe hannunsa na dama, ina ta lallashi."

"Yatsun lafiya lau?"

"Garas."

Sufeto ya leƙa ƙarƙashin kanta, ya jawo kwalin allurai. Hatimin gidan yari na jiki, an kankare rabi. Ya ajiye shi, ya ciro tawada daga aljihu.

"Dangwala min nan, mu gwada da na takarda."

Ɗanmalam ya ɓoye hannu cikin riga.

"Yatsana ne," ya ce a hankali. "Wari ɗakin da yake kwance yake yi. Ban taɓa shiga ba."

Ana sa masa ankwa, sai ga Kaltume ta sauko daga kabu-kabu. Ya durƙusa a gabanta.

"Baiwar Allah, a yi sulhu. Ki dubi 'ya'yana."

Ta dubi hannun nan mai yatsa biyar cif, ta daɗe tana kallo.

"Wata huɗu yana kiranka ta taga, ko hannunsa ba ka sani ba." Ta juya ga Sufeto, ta ɗaga murya yadda masu shayin bakin titi za su ji. "Yallaɓai, a cire sunan Na'Allah a ƙarar, a sa nawa. Ban yafe ba, kuma kowane zama ina benci na gaba."