Shafi na Bakwai

Gab da magariba Malama ta sauka ɗakin bugu don ta gwada dutsenta, irin shafaffen dutsen da ake zane a kansa a buga a takarda. Makaranta za ta sake buga kundin zane da 'yan ajinsu suka yi suna ɗalibai, shekara ashirin da suka wuce. Kowa da dutsensa, kowa da zanensa, ba mutum ba dabba, sai layuka da dabbare-dabbare. Shafi na bakwai shi ya yi mata suna.

Sai dai dutsen ba nata ba ne. Na Bahaguwa ne, 'yar ɗakinsu, wadda ta yi wata uku tana zane a kansa kafin ciwo ya kwantar da ita. A wancan lokacin, saura kwana biyu a buga, dutsen Malama ya fashe. Ba kunya ba tsoron Allah ta ɗauki na mara lafiya, ta goge da yashi, ta ɗora nata zanen. Kuma sama-sama ta goge. Ko ɗan aji ɗaya ya san maiƙon fensirin da ake zanen da shi yana ratsa dutse, in ba a murje shi sosai ba tsohon zane yana nan kwance. Bahaguwa ta rasu babu sunanta a kundin.

Ɗakin na warin kananzir da ƙaro. Malama ta jiƙa dutsen, ta shafa tawada, ta shimfiɗa takarda, ta juya injin. Ta ɗaga.

Ba zanenta ba ne. Layuka ne masu karkata hagu.

Ta wanke, ta sake. Suka ƙara baƙi.

Daga wajen famfo ta ji ƙarar yashi a kan dutse. Ta waiwaya, ba kowa.

"'Yar ɗakina," aka raɗa mata a kunne. "Ba haka ake gogewa ba. Kawo hannunki."

Wani abu mai sanyi ya damƙe hannunta na dama, ya danna tafin a kan dutsen, ya fara murzawa. Yashi na cin fata. Ta yi ta fizga, a banza.

Sai da mai gadi ya kunna fitilar baranda aka sake ta.

Washegari ta tara malamai ta faɗi gaskiya, aka mayar wa Bahaguwa shafinta da sunanta. Malama ta zaci shi ke nan, an yafe. Ina! Hannun dai ya warke, amma har yau duk abin da ta zana, kafin ta nuna wa wani an goge shi tas, ko layi ɗaya ba a bar mata.