Smith Mai Filasta

Da azahar ɗin Laraba Nunzio mai aski ya ɗaga kai ya ga firam a bangon shagonsa, babu hoto a ciki. Hoton 'yan ƙwallon zari-ruga na garin Brennock ne, na shekarar 1912, kuma babu wani irinsa. Ranar Asabar ake shirin buga shi a jarida, don cikar shekara arba'in da suka lallasa ƙungiyar babban birni.

Ɗan sanda Sajan Emil Hruska ya juya firam ɗin. An zare ƙananan ƙusoshi takwas a tsanake, an mayar da kowanne gurbinsa. Ɓarawo mai ladabi ke nan.

"Su wa suka shigo yau?"

"Ɗan jarida da Baba Vargo, sai Fasto Whitcomb. Kowannensu na bar shi shi kaɗai, Sajan, cikina ne ya ɓaci."

Hruska ya cire ɗan jarida daga zargi, don shi za a ba hoton gobe.

Ya tarar da Baba Vargo a barandarsa, sai tausayi ya kama shi. Wannan fa shi ne ƙaton da kan kwashe mako yana narka ƙarfe, ranar Lahadi ya ɗaura hular fata ya ratsa mutum biyar, jama'a na ihu daga kan taragon gawayi. Yanzu samarin gari maƙaryaci suke ce masa, kuma hoton nan kaɗai ne shaidarsa.

"Ni zan zare ƙusa? Dubi hannun nan, Emil." Yatsun sai rawa suke.

"Lissafo mini mutanen hoton."

Ya lissafa goma, tara sun rasu. "Na sha ɗaya Smith, ɗan kwaleji. Jirgin ƙasa na safe ke kawo shi, fuska duk filasta, don in makaranta ta ji yana wasa ana biyansa korarsa za ta yi. Ranar hoton ne zufa ta ɓare filastar."

"Ina yake yanzu?"

"Oho."

Saura Fasto Whitcomb, wanda ya shekara talatin yana tsine wa wasan Lahadi daga kan mumbari. Hruska ya same shi a ofishin coci, ya zauna kamar mai hira.

"Hoton ba ya gabana, Sajan," in ji Fasto.

"Vargo nake tausaya wa. Shi ya yi bugun da ya ba mu nasara, daga yadi talatin."

"Arba'in da biyu," in ji Fasto, "iska kuma na kaɗowa ta gaba. Vargo ko bango ba ya iya..."



"Ya aka yi ka sani? A shekarar ai an ce kana kwaleji, mil ɗari daga nan," in ji Hruska. "Hannun Vargo ba zai iya ƙusoshin ba, ɗan jarida ba ya buƙatar sata. Wanda ya sace shi tsoron jarida yake, kada a ƙura wa wata fuska ido. Barka da yamma, Smith."

Fasto ya buɗe durowa ya zaro hoton. Ya daɗe yana kallonsa. "Ban iya ƙona shi ba. Ban taɓa jin daɗin wata rana kamar wannan ba, Allah ya gafarta mini."

Tare suka kai wa Vargo hoton. Fasto ya cire hula.

"Vargo, ni ne..."

"Zauna, Smith. Tun ranar da ka fara hawa mumbari na gane tafiyarka."

"Kana ji ina zagin wasanku shekara talatin, ba ka tona ni ba?"

"Haƙora huɗu na zubar don kada a taɓa ka a fili," in ji Vargo. "Sai kuma in bari a taɓa ka a coci?"