Jirgin da Baba Felix Ya Kama a Palladan

"Ni fa jirgin sama ya zame mini kamar acaɓa," in ji Baba Felix, yana kaɗa makullin babur ɗinsa a tsakar gidan marigayi yayansa da ke Samaru. "Na hau na safe, na hau na yamma. Akwai ranar da matuƙin ya leƙo ya ce, Felix, yau a ina za mu sauke ka?"

Mama Doguwa, matar yayan nasa, tana kwance a katifa bakin ƙofar ɗaki, don ciwon baya ya hana ta zama. Likitoci sun tura ta Legas a yi mata aiki, an ba ta ranar Litinin ta mako mai zuwa, in ta rasa ta sai baɗi. Sun kuma ja kunne cewa kada a sa ta a motar Legas, ƙashinta ba zai ɗauki ramukan hanya ba. Bayan aiki kuma za ta yi wata uku kusa da asibiti. Ke nan ana neman kujera biyu a jirgi, ita da ’yarta Tabitha, da ɗakin haya na wata uku a garin da masu gida ba sa kallon mutum sai ya ce zai biya hayar shekara biyu.

Shekari, saurayin Tabitha, yana durƙushe a gefe. A wani kafe yake aiki daura da ƙofar jami’a, yana buga wa ɗalibai takardu.

"Baba," ya ce a hankali, "da za a ba ni izini, akwai ofishin tikiti a Sabon Gari. Sai a kama wuri tun yanzu a jirgin Kaduna."

"Kaduna? Muna da filin jirgi a nan Palladan, za ka kai mara lafiya Kaduna?"

"Ai na Palladan makaranta ce, Baba. Koyon tuƙi suke."

"Ji yaro. Ka taɓa hawa jirgi?"

"A’a, Baba."

"To rufe mini baki. Ina da aboki a ciki, Kyaftin Tunde, tare muke shan farfesu duk Asabar. Ya ce ba matsala. Masauki ma gidan matuƙa za su sauka a Ikeja, da fanka da firij." Ya nuna Shekari da makullin. "Ka saurara da kyau. Tun rasuwar Yaya ni ne uban Tabitha. In ka sake tsoma baki a tafiyar nan, ka ce wa mutanenka su sha zamansu a Zonkwa, ba zan karɓi gaisuwarsu ta neman aure ba."

Mama Doguwa ta juya fuska bango. Ƙanin miji ne, kuma shi ya riƙe su tun ranar jana’iza. Tabitha ta shige kicin, ta zauna gaban murhun da ba wuta ta yi ta kuka.

Washegari ta sami Shekari a kafe, idanunta sun kumbura.

"Don Allah ka bar maganar nan. Ka san Baba, in ya faɗa ya faɗa. Shekara uku muna jira."

"In na bari, Mama fa?"

"Wataƙila gaskiya ne abokin nasa..."

"Tabby, jiragen Palladan kin gan su kullum suna zagaya kasuwa. Buhun masara biyu ya cika su." Ya kashe kwamfutar gabansa. "Gara Baba ya hana ni ke da Mama ta rasa ranarta. Amma ba zan yi masa musu a gaban mutane ba. Zan yi nawa shiru. In jirginsa ya tashi, ni zan fara tafa masa."

A ranar ya je ofishin tikitin Madam Nwamaka a Sabon Gari. Ta leƙa littafinta ta ce kujera uku suka rage a jirgin Asabar na ƙarfe huɗu. Kama wuri ba a biyan komai, sai dai in ƙarfe biyu ta yi ba su bayyana a teburinsu na Kaduna ba, za a sayar wa wasu.

"Na you dey travel?" ta tambaye shi da Turancin buroka, wato ko shi ne mai tafiyar.

"Surukata ce. Wato... in Allah ya yarda."

Ta yi dariya ta ƙara rubuta a kawo keken marasa lafiya bakin jirgi.

Ɗaki ne ya ba shi wuya. Kwana huɗu yana zarya wurin mai waya a ƙarƙashin lema. Faston cocinsu ya ba shi lambar wani fasto a Surulere ta Legas, wancan ya ba shi ta wata gwauruwa, Mama Ronke, mai ba da hayar ɗaki wata-wata ga masu jinya. Shekari ya tambaye ta ko akwai matakala, ko ruwa na zuwa, ko gadon yana da tauri, ko minti nawa ne zuwa asibiti. Har sai da matar ta ce, "Ɗan nan, mahaifiyarka ta yi sa’ar ɗa." Bai gyara mata ba.

Ranar Asabar da safe Baba Felix ya iso cikin kwat da baƙin tabarau. Bai zo shi kaɗai ba, ya gayyato matan zumunta na coci gaba ɗaya, da ankonsu da tulunsu na kiɗa, su ga yadda ake raka mutum jirgi. Mota biyu aka cika aka nufi Palladan ana waƙa. Shekari ya biyo daga nesa a tasin wani abokinsa, ya sa matasai a kujerar baya.

A bakin ƙofar makarantar maigadi ya ɗaga hannu.

"Ina zuwa?"

"Legas," in ji Baba Felix. "Ka ce wa Kyaftin Tunde fasinjojinsa sun iso."

"Kyaftin wa?"

"Tunde. Gajere, mai tsaga a kumatu."

Maigadin ya kalli ɗan’uwansa, ɗan’uwan ya toshe baki da hula. Aka aika ciki. Jim kaɗan sai ga Tunde ya fito cikin singileti da gajeren wando, fararen riguna masu igiya a kafaɗa rataye a hannunsa guda, ɗaya hannun riƙe da dutsen guga.

Kiɗan tulu ya tsaya.

"Shi ke wanke wa ɗalibai kaya," in ji maigadi. "Ranar Asabar yakan ari riga ɗaya ya je shan farfesu."

Mama Doguwa ta runtse ido, hawaye na gangara mata cikin kunne. Tabitha ta duba agogo, sha ɗaya saura. Ta fito daga mota ta durƙusa gaban Baba Felix a kan kwalta.

"Baba, Shekari ya karya dokarka. Ya kama mana kujeru a Kaduna, ya samo ɗaki. Da sanina ya yi. In za ka hukunta mu ka hukunta, amma ka bari Mama ta tafi."

Kafin ya buɗe baki, shugabar zumunta ta riga ta yafito tasin. Mata shida suka ɗaga Mama Doguwa kamar ƙwai suka kwantar da ita kan matasan. Daga nan ta kamo hannun Shekari.

"Ɗana, an zage ka ka yi shiru, an kore ka ka dawo da alheri. Ranar da na taka da ƙafata, ni zan dafa wa mutanen Zonkwa tuwo." Ta ɗaga murya. "Baban Tabitha, ko kana da magana?"

Baba Felix ya gyara tabarau. "Ai dama... gwada yaron nake yi."

Nan guɗa ta tashi, tulu ya dawo da ƙarfinsa, har masu acaɓa suka tsaya kallo. Ku ’yammata da samari, ku riƙe wannan: mai son ku da gaskiya ba a bakinsa za ku gane shi ba, sai ranar da lalura ta zo. Haƙuri kuma ba zaman banza ba ne, mai haƙurin kirki yana shiru hannunsa na aiki.

Tasi ta kama hanyar Kaduna da sauran lokaci a hannu. Baba Felix ya juya kan Tunde zai huce haushinsa.

"Kai, ba kai ka ce mini ba matsala ba?"

"Haba Oga Felix," in ji Tunde, yana gyara rigunan a hannunsa, muryarsa har bakin titi. "Na ɗauka maganar nan ce da ka daɗe kana roƙo na, in shigar da kai cikin jirgin nan da ya lalace ka zauna a ɗauke ka hoto, tunda ka ce ba ka taɓa ganin cikin jirgi ba."