Abin da Auta Ta Faɗa a Kujerar Likita

"Saki muƙamuƙinki, ƙanwata," in ji likitar. "Ba wanda zai ƙwace miki shi."

Auta ta gwada. Ya ƙi.

Tun da aka kori saurayinta Dogo daga ƙofar gidansu take cizon haƙora cikin barci, har turamen haƙoranta suka zaizaye. Likitan haƙori ya yi mata robar sawa a baki, ta tauna ta huda. Shi ya turo ta wurin wannan matar, mai sa mutum gyangyaɗi da lallausar murya don ta kwance masa damuwa.

Gwaggo, wadda ta raine ta, tana kujerar gefe rungume da jaka. Ta ƙi jira a waje.

"An ce in kun kwantar da mutum, duk abin da ke cikinsa sai ya amayar."

"Ba haka ba ne, Hajiya. Tana jin komai, kuma..."

"Ke dai yi aikinki!"

Gwaggo ta zo jin laifi ne. Ɗiyarta ta rantse mata cewa Auta na haɗuwa da Dogo a ɓoye. Ita ɗiyar ce kuma ta kai wa Dogo labarin wai Auta ta ce warin man inji yake, sannan injin wankin ita ɗiyar ya koma lalacewa kowane mako, sai an kira shi.

Laifin Dogo ɗaya: gyaran injin wanki yake yi. Ranar da Gwaggo ta ce a'a ga maganar aurensu, Auta ta ce to. Kullum to take cewa. Ba ta yi kuka ba, ba ta daina cin abinci ba. Ta ci gaba da zuwa kantin maganin da take aiki, tana miƙa wa mutane ƙwayoyi, ba ta jin komai.

"Numfashi a hankali... kafaɗunki suna nauyi... je inda hankalinki yake kwanciya."

Auta ta nema. Babu ko'ina. Tana jin ƙarar fanka, tana jin Gwaggo na gyara zama don kada kalma ta wuce ta.

Sai ta gane: yau duk abin da ta faɗa, ba za a ce rashin kunya ba ne.

"Dogo..." ta ce, idonta a rufe.

Jakar Gwaggo ta motsa.

"Ban sake ganinsa ba. An ce kada na gan shi, na bi. Gwaggo ta yi mini komai, ba zan saɓa mata ba. Haƙoran ma su ƙare. Wa zan yi wa dariya?"

Muryarta ba ta ko girgiza ba, kamar mai karanta takardar magani.

Likitar ta dube ta, ta dubi Gwaggo, ta yi kamar ba ta gane komai ba. Ta san aikinta.

A mota, da suka kusa gida, Gwaggo ta dubi Auta.

"Kin san abin da kika faɗa?"

"Me na ce, Gwaggo?"

"Shirme." Ta juya tana kallon titi, tana goge ido da bakin mayafi. "Injin gidan nan ma ya fara ƙara. A kira wancan dogon banzan."

Washegari da la'asar ya zo. Ya duba injin, lafiyarsa ƙalau. Ya tsaya a tsakar gida yana murza tsumma a hannu. Ɗiyar Gwaggo ta leƙo, uwarta ta aike ta kasuwa.

"Gwaggo ta ce na turo manyana," ya ce. "Wai kin kira sunana a wurin likita."

"Haka aka ce."

"Auta, masoyiyata... ni ba na son abin da aka ciro daga bakinki kina barci. In don tausayi ne, ko ba ki san kin faɗa ba, gara na ɗauki kayana."

Ta dube shi. Ta yi zaton za ta ji wani abu mai girma. Gajiya kawai ta ji, irin ta wanda ya sauke kaya.

"Warin man inji fa?" ya ce.

"Ban taɓa faɗa ba. Amma kana yi."

Ya yi dariya.

Ta waiga ta tabbatar Gwaggo na ɗaki, sannan ta rage murya.

"Idona biyu na faɗa, Dogo. Turo su."